Amsa: Me ya hana duniya yarda da ma'anar ta'addanci guda ɗaya?

Malam, ka tambaya ko Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa fayyace waye ɗan ta'adda. Har yau ba a daidaita ba. Tun 1996 Indiya ta kawo daftarin yarjejeniya, ya maƙale kan masu yaƙi da mamaya da kuma sojojin gwamnati: su ma za a saka su ciki?

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar mai lamba 1373 ya tilasta wa ƙasashe toshe kuɗin 'yan ta'adda, amma bai ce su wane ne ba. Kowa sai ya rubuta jerinsa. A ganina nan gizo ke saƙar. Duba Nelson Mandela, tsohon shugaban Afirka ta Kudu: sai 2008 Amurka ta cire sunansa daga nata jerin, yana dab da cika shekara casa'in.