Dracula na 1931 da rashin kiɗa

Ka tambaya ko kwafin fim ɗin Dracula na 1931 da ka sauke ya lalace ne, tunda ba ka jin kiɗa a bayan magana. Lafiyarsa ƙalau, haka kamfanin Universal ya fitar da shi. Kiɗa sai a farko lokacin da sunaye ke fitowa, sai kuma inda Dracula ya shiga zauren kiɗe-kiɗe a Landan.

A lokacin fim mai magana bai cika shekara huɗu ba, ba a saba ɗora kiɗa kan magana ba. Akwai kwafin da mai tsara kiɗa Philip Glass ya yi wa kiɗa a 1999, amma ni dai na asalin ya fi ratsa ni. Ka kalle shi da dare, ka ƙara murya, za ka ji kukan kyarkeci daga nesa da yadda Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin Dracula, ke jan kalma a hankali cikin shirun nan.