Zan iya kaɗa waƙoƙin gargajiyar Ayilan da fedal-stil ba tare da na ɓata su ba?

TAMBAYA: Malam, na daɗe ina kaɗa gitar fedal-stil, wadda ake zame ƙarfe a kan tsirkiyoyinta ana taka feda don canza sauti, a kiɗan kwantiri na Amurka. Yanzu ina zaune a Ayilan, kuma abokin aikina ya roƙe ni in kaɗa tsohon take mai tafiya a hankali a taron tunawa da mahaifinsa. Na sayi darasi a intanet, mai darasin ya ce sirrin shi ne in ja ƙarfe daga sauti zuwa sauti, in cika amsa-kuwwa. Da na kaɗa wa wani dattijo mai fidil, wato gogen Turawa, sai ya ce bai gane waƙar ba. Hankalina ya tashi. Kayan nawa ne bai dace ba?

AMSA: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, kayanka ba su da laifi. Kiɗan Ayilan ya sha karɓar baƙi. Buzuki, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, daga Girka ya zo, Johnny Moynihan ya shigo da shi a shekarun 1960, yau kuwa ba mai ɗaga gira in ya gan shi. A 2024 David Murphy na Cork ya fitar da faifai sukutum na tsofaffin taken ƙasar a kan fedal-stil. Hanya a buɗe take.

Darasin da ka saya ne matsalar, kuma abin yana ɓata mini rai, domin kusan kullum sai na haɗu da wanda aka sayar wa wannan shirme. An ɗauka cewa in ka rage gudu, ka ja ƙarfe, ka danna fedar ƙarar sauti har kowane sauti ya shigo kamar daga nesa, shi ke nan ka yi kiɗan Ayilan. Wannan kiɗan tallar yawon buɗe ido ne. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka, kuma ya yi maka gata da bai yi shiru ba.

Yawancin irin taken da za ka kaɗa waƙoƙi ne masu baituka, na salon sean-nós, wanda ake rerawa da harshen Ayilan, mutum ɗaya, ba kiɗa a bayansa. Tsawon kowane sauti daga kalma yake fitowa. Inda mawaƙi ya ja numfashi, nan layi ya ƙare. Mai kalangun da bai san kirarin da yake kaɗawa ba zai iya buga kowane sauti daidai, amma mai kirarin ba zai waiwayo ba. Haka abin yake a nan. Manyan masu busa uilleann, wato algaitar Ayilan mai jakar iska, irin su Séamus Ennis da Willie Clancy sun san waƙoƙin da baki, shi ya sa busarsu take magana. Kai kuma an ba ka takarda mai lambobi da na'urar ƙirga bugu, an ce ka bi. Ko littafin Francis O'Neill na 1903, mai take 1,850, tunatarwa ce ga wanda ya riga ya ji da kunnensa. Balle takardar wanda bai taɓa zama gaban mawaƙi ba, yana karɓar kuɗin mutane yana koya musu lulluɓe waƙa da amsa-kuwwa. In ka haɗe ƙarshen layi da farkon na gaba da zamiya, ka cire numfashin, kuma wanda ya san baitukan ba zai sami inda zai sa kalmominsa ba. A taron makoki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don akwai tsofaffin da za su riƙa bin waƙar a zuci.

Ka lura da asalin adon ma. Bututun uilleann, a salon busa a buɗe, sautinsa ba ya yankewa, don haka masu busa suke raba sauti biyu iri ɗaya da ɗan gajeren sauti daga sama ko daga ƙasa. Adon nan mai kaifi ne, kamar ƙiftawar ido. Feda ba ta da wannan saurin. Ka ɗauko shi daga tsirkiyar da ke kusa, ka kashe ta nan take da tafin hannu ko da farce. Kashe sauti shi ne rabin aikinka. Zamiya tana da wurinta: masu busa kan hau sautin C ko F a hankali daga ƙasa, kuma ƙarfenka yana iya wannan fiye da akodiyan. Sau ɗaya a layi ya isa, wani layin ma ba ya so.

Kada kuma wani ya sa ka kwance saitin E9 ɗinka, wato ɗaurin tsirkiyoyin da aka saba a fedal-stil. In ka ɗora ƙarfe a layi na 10 na jikin gitar kana da D ba feda, ka taka fedar A da ta B ka sami G, tsirkiya ta 9 kuma ta ba ka C ɗin da taken D da yawa suke nema. Ka rage taɓa tsirkiya ta 3 da ta 6 ba dalili, domin su ke jawo ƙamshin Nashbil, cibiyar kiɗan kwantiri. Ta 4, 5, 8 da 10 sun ishe ka shimfiɗa a ƙarƙashin take.

Ka tambayi abokinka wace waƙa ce mahaifinsa yake so da kuma bakin wa yake jin ta. Ka nemi rikodin ɗinta a Irish Traditional Music Archive da ke Dabilin, wanda aka kafa a 1987. Ka saurara har ka iya rera ta da bakinka, sa'an nan ka kaɗa ta a tsirkiya ɗaiɗai, amsa-kuwwa a kashe. Daga nan ka koma wurin dattijon, kada ka faɗa masa sunan waƙar, ka bari shi ya faɗa.