Tambaya da amsa: Sunan Hadassa, daga ina ya fito kuma ya dace in sa wa 'yata?

TAMBAYA: Barka da aiki malam. Ina da ciki wata takwas kuma sikanin ya nuna mace ce. Tun da naji sunan Hadassa a bakin wata a coci ya kwanta min a rai, amma surukata tace ita duk karatun Littafi Mai Tsarkin da take yi bata taɓa ganin sunan ba, wai Hadiza ce kawai aka lanƙwasa, mijina kuma yace sunan yana kama da "haddasa" kamar mai haddasa fitina. Dan Allah menene asalinsa da ma'anarsa, kuma ana sa shi da yawa ne a duniya?

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya ya raba ku lafiya. Zan fara da maganar Mama tunda ita ce babba, kuma gaskiya bata yi laifi ba da tace bata taɓa gani ba, domin sunan sau ɗaya tak ya fito a duk Littafi Mai Tsarki, a Littafin Esta sura 2 aya 7, inda aka ce Mordekai ne ya goyi Hadassa wato Esta, 'yar ɗan'uwan mahaifinsa, saboda bata da uwa bata da uba. Daga wannan ayar har ƙarshen littafin Esta ake ce mata, shi yasa mutum zai iya karanta labarin sau da yawa idonsa ya tsallake wurin. Ki buɗe mata ayar cikin ladabi ta gani da idonta, nasan hankalinta zai kwanta, domin Esta dai babu tsohuwar da bata san ta ba.

Batun Hadiza kuwa babu abin da ya haɗa su sai kamar sauti. Hadiza yadda bakin Bahaushe ya juya Khadija ne, sunan Larabci. Hadassa kuma Ibrananci ne tsantsa, daga kalmar hadas, sai aka ƙara masa ƙarshen da ke nuna mace.

Toh menene hadas ɗin? Wani ɗan itace ne mai ƙamshi da ke fitowa a ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, masana tsirrai na kiransa Myrtus communis idan kina so ki nemi hotonsa a waya, Larabawa kuma suna ce masa al-as, a Yaman ma har yau hadas ɗin suke ce masa. Ba ya girma ya zama ƙaton itace, ganyensa ƙanana ne masu sheƙi kuma ba ya kaɗewa rani da damina yana nan kore shar, furensa fari, 'ya'yansa kuma ƙanana baƙi-baƙi. Ƙamshin yana cikin ganyen ne, sai an murza shi a hannu yake fitowa sosai. Ba itacen ƙasarmu bane shi yasa bamu da sunan da kowa ya san shi da shi a Hausa, amma irin wannan suna ba baƙo bane a wurinmu, kinga Raihanatu da 'yan'uwanmu Musulmi ke sawa ai daga tsiro mai ƙamshi ne, a Maroko ma wannan itacen da muke magana raihan suke ce masa. Su Ibraniyawa dama suna son sa wa 'ya mace sunan tsiro, Tamar dabino ne, Susana daga Shoshana ne wato fure.

Abin da yasa sunan ya fi ƙarfin a ce "sunan itace ne kawai" shi ne matsayin da itacen yake da shi a wurinsu. A Ishaya 55 aya 13 an yi alkawari cewa a inda ƙaya da sarƙaƙƙiya suke, itatuwa masu kyau ne za su tsiro, kuma hadas na cikin waɗanda aka ambata, wato alamar cewa Allah ya mayar da wahala ta zama alheri. A Zakariya sura 1 annabin ya ga wahayin wani mutum a kan jan doki yana tsaye a cikin itatuwan hadas a kwari. A Nehemiya sura 8 kuma bayan an dawo daga bauta an ce jama'a su hau tudu su yanko rassa harda na hadas su yi bukkoki. Har gobe a Idin Bukkoki Yahudawa suna ɗaure rassan hadas guda 3 tare da reshen dabino 1 da rassan wani itacen bakin rafi guda 2, su riƙe da wani irin lemo a ɗaya hannun suna addu'a. A zamanin da kuma da rassan hadas ake rawa a gaban amarya, al'adar haɗa itacen da aure ma tana nan har a Turai, gidan sarautar Ingila suna sa ɗan reshensa a cikin furen da amarya ke riƙewa tun auren babbar 'yar Sarauniya Biktoriya a 1858.

Yanzu ita mai sunan. Labarin ya faru ne a Shushan, fadar daular Farisa, kangon birnin yana nan a kudu maso yammacin Iran ta yau. Sarkin shi ne Ahasurus mai mulkin larduna 127 daga Indiya har Kush, yawancin masana tarihi suna ɗaukarsa a matsayin sarkin da Girkawa ke kira Zaksis na ɗaya wanda yayi mulki daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Almasihu. Yarinyar 'yar kabilar Biliyaminu ce, sunan babanta Abihayil, zuriyar waɗanda aka kwaso bauta ne, kuma da aka kai ta fada bayan an sauke sarauniya Bashti, Mordekai ya ja mata kunne kada ta faɗi asalinta. A nan ne maganar suna biyu ta shigo. Hadassa shi ne na gida, na mutanenta, Esta kuma shi ne na fada da ke tafiya da harshen ƙasar, wasu masana sun ce daga kalmar Farisa mai nufin tauraro ne, wasu sun ce daga Ishtar ne allahiyar Babila. Haka aka yi wa Daniyel ma ya zama Belteshazza a Babila, abokansa Hananiya da Mishayel da Azariya suka zama Shadrak da Meshak da Abednego. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, muna da sunan yanka muna da wanda ake kiran mutum da shi, wata sai ranar ɗaurin aurenta ƙawayenta ke jin ainihin sunanta.

Ni abin da yake taɓa min zuciya a sunan kenan. Lokacin da Haman, babban wazirin sarkin, ya shirya a hallaka Yahudawan daular gaba ɗaya, yarinyar nan tana cikin daula tana da sunan da ya rufa mata asiri, zata iya yin shiru babu wanda zai sani, amma ta sa aka yi azumin kwana 3, ta shiga wurin sarki ba tare da an kira ta ba alhali dokar ƙasar kisa ce a kan hakan sai dai in sarki ya miƙa sandarsa ta zinariya, tace in ta mutu ta mutu, sannan ta buɗe baki ta faɗi cewa mutanen da za a kashe mutanenta ne. Duk wanda ya zaɓi Hadassa maimakon Esta, sunan da mutanenta suka san ta da shi tun tana marainiya ya zaɓa, kafin sarauta da kwalliya. Tunawa da wannan kuɓuta ne Idin Furim da suke yi ranar 14 ga watan Adar, yana faɗowa a Fabrairu ko Maris. Malaman Yahudawa na da ma sun tattauna a Talmud, littafin da ya tattara koyarwarsu, kan wanne ne ainihin sunanta a cikin biyun, wasu suka ce an kira ta Hadassa ne saboda ana kwatanta masu adalci da itacen hadas, suna kafa hujja da wahayin Zakariya ɗin can. Ga masu karatu Musulmi kuma in ƙara da cewa labarin Esta baya cikin Alƙur'ani, Hamana da aka ambata a can na fadar Fir'auna ne a Masar.

Maganar yawan masu sunan, gaskiya har yanzu suna ne da ba a cika ji ba in aka gwada shi da Esta. A Amurka hukumar da ke fitar da jerin sunayen jarirai 1000 da aka fi sawa duk shekara tana da lissafi tun daga 1880, Esta na cikin jerin tun farko, Hadassa kuwa sai bayan shekara ta 2000 ta samu shiga kuma bata taɓa kaiwa cikin 100 na farko ba. Ɗaruruwan shekaru sunan yana hannun Yahudawa ne kusan su kaɗai, musamman gidajen masu riƙo da addini, na gabashin Turai suna gajarta shi su ce Hodes ko Hodel, na Isra'ila a yanzu kuma da yawa Hadas kawai suke sawa. Amurkawa da yawa sun fara jin sunan ne a zaɓen 2000 lokacin da Sanata Joe Lieberman ya tsaya mataimakin Al Gore, ɗan takarar shugaban ƙasa, domin sunan matarsa kenan. Daga baya ne Kirista suka ɗauke shi, musamman majami'un Fentikos, a Brazil ya samu karɓuwa sosai, a nan Najeriya ma zaki lura yawancin masu sunan ƙananan yara ne, da wuya ki haɗu da dattijuwa Hadassa.

Akwai wani abu da ya kamata ki sani tun yanzu kada wani ya zo miki da shi daga baya kiji kamar an ɓoye miki. In kika rubuta sunan a intanet abin da zai fara fitowa ƙungiyar matan Yahudawan Amurka ce masu ra'ayin Sahayoniya, wato kafa wa Yahudawa ƙasa tasu, wadda Henrietta Szold ta kafa a Niyok a 1912 a lokacin Idin Furim shi yasa aka sa mata sunan, da kuma babban asibitin da ƙungiyar ta gina a Urushalima, wato birnin Ƙudus, ɗaya a kan dutsen Skofus a 1939 ɗaya a Ein Kerem a 1961. A inda muke zaune maganar Isra'ila da Falasɗinu tana da zafi, wani zai iya haɗa sunan da siyasa. Amsarki mai sauƙi ce, sunan ya girmi ƙungiyar da shekaru sama da 2000, kuma ke daga Littafin Esta kika ɗauko.

Saura damuwar maigida, kuma ni ban ɗauke ta wasa ba domin yarinyar a cikin masu jin Hausa zata tashi, kuma yara a makaranta basa barin irin wannan ya wuce. Bambancin yana nan a fili in aka faɗi sunan daidai: haddasa "d" ɗin ne ake ninkawa, Hadassa kuma "s" ɗin ne, Ha-das-sa, a Ibrananci ma nauyin muryar a gaɓar ƙarshe yake sauka. Amma fa ba kowa zai tsaya ya bambance ba, wasu za su ce Haddasa ko da gangan ko cikin rashin sani. Ra'ayina wannan bai kai ya hana ki sunan ba, tsokanar suna babu wanda ya tsira daga ita, abin da ke kare yaro shi ne ya san labarin sunansa tun yana ƙarami har ya iya faɗa da bakinsa. Sai dai in maigida ya ji duk bayanin nan kuma har yanzu ransa bai kwanta ba, kada ki ja da ƙarfi, sunan da uba ke jin nauyin kira ba zai yi wa yarinya daɗi ba. Kuna iya haɗawa ku sa Esta Hadassa, kinga mutum ɗaya ce dama, Mama ta kira Esta ke ki kira Hadassa, ko a gida a riƙa ce mata Dasa ko Dasi kamar yadda masu sunan a waje suke gajartawa.

In kun tsaya a kansa toh ku zaɓi rubutu ɗaya ku riƙe, domin ana rubuta shi Hadassah da Hadassa da Hadasa, "h" ɗin ƙarshen ba a furta shi amma a takarda yana da tasiri. Yadda kuka sa a takardar haihuwa haka zai tafi a NIN da rajistar makaranta har zuwa WAEC da JAMB da fasfo, harafi ɗaya in ya bambanta sai an je kotu yin rantsuwa da ɓata lokaci. Ki rubuta sunan da manyan baƙaƙe a 'yar takarda ki miƙa wa ma'aikacin da zai cike fom tun daga asibiti, kuma ki karanta abin da ya rubuta kafin ki bar wurin, domin hannun akawu a Arewa ya saba da Hadiza kuma ita zai rubuta in ba a tsaya a kansa ba.