Tambaya da Amsa: Na ƙara wa mashin fitilu, fis sai ƙonewa yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Na ƙara wa mashin ɗina fitilu biyu saboda tafiyar dare, kowacce wat 55, na jona su a wayar babbar fitila, ba a kwana biyu ba fis ya ƙone, na canja ya sake ƙonewa sai na sa wanda ya fi shi girma, yanzu fis ɗin lafiya lau amma madannin fitilar zafi yake har ina jin ƙaurin roba. Na cire na kai su kan batir kai tsaye, ranar nan na manta ban kashe ba na dawo na tarar batir ya mutu murus. An ce rile zan sa, ni kuma ban san kansa ba. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai je ka cire wannan babban fis ɗin ka mayar da irin wanda kamfani ya sa, yau ɗin nan ba sai gobe ba. Fis mai gadin waya ne, aikinsa ya ƙone kafin ita ta ƙone, kai kuma ka kori mai gadin, shi yasa madanni ya fara toyuwa, wayarin ne zai biyo baya in ka bar shi.

Mu yi lissafi tukunna. Wat 55 sau biyu 110 kenan, ka raba da bolt 12 na batir, zai baka amfiya 9 da ɗoriya. Wannan lodin ka ɗora wa siririyar wayar da dama tana ɗauke da nata kayan, ka ga ai dole ta yi kuka.

Shi rile ba wani abin tsoro bane, madanni ne da wuta ke dannawa a maimakon yatsa. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya, in wuta ta shiga sai ya zama maganaɗisu ya jawo wani ɗan ƙarfe, kaji ƙas! hanya ta buɗe. Abin da naɗin ke sha bai kai amfiya ɗaya ba, ko rabi ma bai kai ba, amma ƙofar da yake buɗewa tana ɗaukar amfiya 30 ko 40, za ka gani a rubuce a jikinsa. Kenan wayarin mashin umarni kawai zai bayar, nauyin kuma ya bi wata kakkaurar waya daga batir.

Juya shi ka duba gindinsa, kowace ƙafa da lambarta. Ƙafa 30 ita ke zuwa kan batir mai alamar +, kuma a wannan wayar za ka sa sabon fis, na amfiya 15 ya wadatar da fitilunka, ka sa shi dab da batir kamar taƙi ɗaya, saboda duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta, in ta goge ta taɓa bodi, wato ƙarfen jikin mashin, sai hayaƙi. Ƙafa 87 ta tafi wurin fitilu, ɗaya wayar fitilun kuma ta koma kan batir mai alamar ragi ko wani noti mai tsabta a jikin firam, ka kankare fenti da tsatsa. Waɗannan layukan su ake yi da waya mai kauri, milimita sukwaya 1.5 zuwa 2.5. Ƙafa 85 a bodi za ka jona ta. Ƙafa 86 ita ce mai karɓar umarni, sai ka nemo wayar da ba ta da wuta sai an murɗa makulli, ka ɗauko daga nan ka bi ta wani ɗan madanni a kan hannu sannan ka kai 86. Da ka zare makulli komai ya mutu, ko ka manta ko ba ka manta ba, batirinka zai kwana da rai. In ka ga ƙafa ta biyar mai lamba 87a rabu da ita ka naɗe da salatif, ita wuta take bayarwa lokacin da rile yake kashe.

Wajen neman wayar makullin nan ne mutane ke faɗawa rami. A tsarin Honda galibi baƙa ce, koriya kuma bodi, a Yamaha ruwan ƙasa ce kuma baƙar ita ce bodi, ka ga wanda ya bi kala ido rufe zai haɗa abu a juye. Ni dai ban yarda da kala ba sai na ɗora mitar gwada bolt, murɗa makulli inji a kashe, in ta nuna wajen 12 ka samu, ka kashe ta koma sifili. Dalilin gwadawa inji a kashe shi ne ƙananan mashina da yawa babbar fitilarsu daga koyil ɗin inji mai samar da wuta take shan wutar AC, sai an tada inji take kamawa, in ka ba rile irin wannan wutar sai ya riƙa karkarwa yana zizaa kamar ƙudan zuma. Kuma ka cire wayar batir ta ragi kafin ka fara yanke-yanke, rilen ka ɗaure shi ƙarƙashin kujera ƙafafu suna kallon ƙasa kar ruwa ya kwanta ciki.

Sai dai fa in gaya maka gaskiya, rile baya haifar da wuta. In koyil ɗin mashin ɗinka ƙarami ne wat 110 ɗin nan zai iya fin ƙarfinsa, ka riƙa cin batir kana tafiya. Bayan ka gama ka tada inji ka kunna komai ka ɗan ja totur, mita a kan batir ya kamata ta nuna 13.5 zuwa 14.5, in tana ƙasa da 13 caji baya isa. Da ni ne LED zan sa, biyu masu wat 15 amfiya biyu da rabi kawai za su sha.

TAMBAYA: Malam na sayi hon mai iska irin mai ƙara sosai, na sa a wayar tsohon hon amma sai wani gurnani yake kamar mai mura. Ya lalace ne?

AMSA: Da wuya, yunwa ce ke damunsa. Injin iskar da ke cikinsa na iya jan amfiya 15 zuwa 20, wayar tsohon hon kuwa ba don wannan aka yi ta ba. Kai ma rile za ka sa, naka ma yafi sauƙi, zare wayoyi biyun da ke kan tsohon hon, ɗaya ka sa a 85 ɗaya a 86, madanninka na da zai ci gaba da aiki. Sai 30 zuwa batir da waya 2.5 da fis na amfiya 20, 87 zuwa sabon hon, ɗaya ƙafar hon ɗin bodi. Amma ka duba zanen jikin rilen, in mai dayod ne, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, dole wayar da ke da wuta ta shiga 86, in ka juya dayod ɗin ko fis ɗaya zai tafi tun dannawar farko.