Na'urar GPS don kwale-kwalen kamun kifi: a saya ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar kifi ne a yankin Guri, jihar Jigawa. Ina da kwale-kwale uku, ɗaya mai inji, biyu na tuƙi da hannu. Nakan ba masunta kalli (ragar da ake dasawa a ruwa) da gura (tarkon kifi), idan sun kamo in saya, mu yi banda in kai kasuwar Hadejia. Bana mun yi asarar kalli da dama a cikin ciyawar kacala, yara su dasa da yamma, da asuba su kasa gane wurin. Wani mai shago a Kano ya nuna mini na'urar GPS ta hannu, ya ce tana nuna hanya har da inda kifi yake. Kuɗinta ba kaɗan ba ne. In saya? Idan zan saya, wace iri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema, ya mayar da alherin abin da aka rasa.

Maganar mai shagon nan rabinta gaskiya ce. GPS tana nuna inda kake, tana riƙe wurin da ka sa wa alama, tana kuma mayar da kai can. Amma ba ta ganin ƙarƙashin ruwa. Mai nuna kifi wata na'ura ce daban, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta auna dawowarsa. Akwai masu haɗa aikin biyu, irin su Striker 4 ta kamfanin Garmin, sai dai a jikin jirgi ake ɗaura su, suna buƙatar batir mai volt 12, kuma a ruwa mara zurfi mai cike da ciyawa irin naku ba su cika yin wani amfani ba. Duk wanda ya miƙo maka 'yar na'ura mai kama da waya ya ce kifi take nunawa, kada ka ƙara masa ko sisi saboda wannan maganar.

Yadda take aiki kuwa, taurarin ɗan'adam ne na Amurka, sama da 24, suke kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kowanne yana aiko da saƙon lokaci da matsayinsa. Da na'urarka ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Ba ta buƙatar layin waya, ba ta cin data, ba a biyan kuɗin wata. Tun watan Mayun 2000 da Amurka ta daina rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, kuskurenta a fili yakan tsaya a mita uku zuwa biyar. Hadari bai hana ta aiki, haka ma hazon hunturu da ke rufe gaɓa har mutum ya rasa gabas da yamma. Sababbin suna ƙarawa da taurarin Rasha, GLONASS, ko na Turai, Galileo, abin da ke sa su kama da wuri.

To, kai asararka ta ɓatan wuri ce, kuma wannan shi ne ainihin aikin GPS. Dausayin Hadejia da Nguru ba ya zama da fuska ɗaya. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa zuwa har da rani, kacala ta samu wurin zama ta cinye hanyoyi, musamman ta wajen mashigar Marma. Ka fi ni sanin yadda take: ta fi mutum tsawo, kowace kwana kamar 'yar'uwarta, kuma alamar da yaro ya ɗaure da yamma iska ko ƙaruwar ruwa na iya ɗauke ta kafin asuba. Idan ya danna alama a daidai bakin kallin, gobe na'urar za ta kawo shi kusa da wurin da 'yan taku, ido ya ƙarasa sauran. Tana kuma zana sawun da aka bi, a Garmin ana kiran wannan TracBack, ta yadda za a fito ta inda aka shiga.

Sai dai ina so ka tabbatar da abu ɗaya tukuna. Kallin nan ɓata suka yi, ko ɗauke su aka yi? Ba ina zargin yaranka ba ne, ruwa na kowa ne kuma masu yawo da dare ba su ƙare ba. Idan sata ce, GPS ba za ta tsare maka komai ba, sai dai ta tabbatar maka cewa nan ne wurin kuma kayan babu. Wannan maganar Sarkin Ruwa ce da sauran masunta, kuɗi ba ya gyara ta.

Shi ya sa shawarata ita ce kada ka fara da saye, ka fara da wayar da ke aljihunka. Kusan duk wayar Android tana da GPS a ciki, kuma tana aiki ko babu sabis. Ranar da ka shiga Hadejia ka sa a sauke maka manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps tare da taswirar yankinku, ka sayi jakar roba mai hana ruwa shiga wadda ake rataya wa a wuya, ka ba mafi natsuwa a cikin yaranka. Ku yi wata guda a haka, kana rubutawa a littafi: kalli nawa aka dasa, nawa aka samu, man da mai injin ya sha, da lokacin da suke dawowa. Idan asarar ta ragu a fili, ka san cewa matsalar ta gane wuri ce. Idan yaran suka jefa wayar a gefe suka ci gaba da yadda suka saba, ka gane haka da araha, domin wanda bai yi aiki da waya ba, na'ura mai tsada ma ajiye ta zai yi.

Wayar ba za ta ɗore ba, na sani. Cajinta yana ƙarewa da wuri idan GPS na kunne, ba a ganin fuskarta sosai a tsakar rana, ba ta jin jiƙaƙƙen yatsa, kuma faɗuwa ɗaya a ruwa ta isa. A nan na'urar hannu ta fi ta, kuma a nan ya kamata kuɗinka su tafi.

Ka nemi mai maɓallai, ka bar ta shafawa. Ka nemi mai cin batir biyu na AA, irin na 'yar tocila, wanda za ka samu a kowane kanti a ƙauye. Garmin eTrex 22x, a faɗar kamfanin, takan kai awa 25 da batir biyu, eTrex SE kuma mai fuska baƙi da fari ta kai har awa 168. Wannan lissafin da batir mai kyau ne, masu arhar nan na tebur ba za su kai ko kusa ba, kuma idan aka bar su a ciki sai su zubar da ruwa su cinye ƙarfen. Gara ka sayi masu caji guda huɗu, biyu suna aiki biyu suna kan sola. Ka duba a jikin kwalin an rubuta IPX7, ma'ana tana jure zama a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Jure ruwa daban, yin iyo daban: eTrex idan ta faɗa nutsewa take yi. Wadda aka yi don jirgi, GPSMAP 79s ko ta gabanta 78, tana tasowa sama, amma ta fi tsada kuma batirinta bai wuce awa 20 ba. Ni a ganina bai kamata ka biya wannan bambancin ba. Igiya mai ƙwari da 'yar robar lemo rufaffiya a ɗaure da ita sun wadatar.

Inda aka fi cutar masu saye shi ne taswira. Za a nuna maka mai taswirar ruwa a ce ita ce ta masu jirgi. Taswirar teku ce, ta gaɓar ruwan gishiri da tashoshin manyan jirage, babu tafkunan Guri ko Kirikasamma a cikinta. Taswirar da za ta yi maka aiki ita ce wadda yaranka za su zana da kansu, alama bayan alama. Haka masu aika saƙo ta tauraro, irin inReach, sai an biya kuɗin rajista a kai a kai da kuɗin waje, ba naka ba ne. Abu ɗaya da za ka iya ƙara wa kuɗi idan da hali shi ne kamfas na ciki, kamar na eTrex 32x. Wadda ba ta da shi sai jirgi na tafiya take gane inda aka fuskanta, idan aka tsaya cik a cikin ciyawa kibiyar takan rikice.

Batun farashi, ƙananan suna tsakanin dala 150 zuwa 200 a can inda ake sayar da su, masu iyo kuma dala 300 zuwa sama, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin kayan waje bai zauna wuri ɗaya ba, don haka ka tambayi canjin ranar ka buga da kanka kafin ka shiga ciniki. Sannan ka auna kuɗin da kalli, ma'aunin da ka fi sani. A ce na'urar da batiranta sun kai kuɗin kalli biyar. Idan a kaka ɗaya kana rasa shida ko bakwai ta hanyar ɓata, ta biya kanta tun ruwa bai janye ba, ga kuma kifin da ke ruɓewa a cikin kallin da ba a gano ba. Idan ɗaya ko biyu kake rasawa, ka zauna a kan waya. Guda ɗaya za ka saya, a ba mai injin tunda shi ke yin nisa. Kuma kada ka taɓa jarin sayen kifi a lokacin da kifi ke fitowa da yawa yana araha, nan ne ribarka ta shekara take. Ka cire daga riba bayan an sayar da banda, ko ka jira kwasar adashi. Bashi a kan wannan bai taso ba.

Ta hannu ma babu laifi idan ka gwada. Buɗe gidan batir ka duba tsatsa, ka taɓa robar da ke kewaye da murfin ka ga ba ta bushe ta tsage ba, domin ita ce ke tare ruwa. Ka fita da ita fili a gaban mai shagon, ka jira ta kama taurari, ka sa alama, ka yi tafiya zuwa ƙarshen layi ka ce ta mayar da kai. A rubuta maka rasit da lambar jikinta, da sharaɗin mayarwa idan ta ƙi aiki.

Akwai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, ita ce ta amana. Masunci ba ya faɗa wa kowa ramin da yake samun tarwaɗa ko ragon ruwa, wani ma gadonsa ya yi daga mahaifinsa. Ranar da ya danna alama a na'urarka, sirrinsa ya shiga hannunka, kuma ana iya kwashe shi a kwamfuta cikin minti ɗaya. Idan ba ku yi magana a kan wannan tun farko ba, ko dai ya ƙi sa alamar gaskiya, ko kuma wata rana ka ba wani na'urar ya je ya dasa a wurinsa, zumuncin shekaru ya lalace. Ku zauna gaban dattijo ɗaya ku yanke: na'ura taka ce, wuraren nasa ne, ba za a ba wani ba sai da izininsa, idan kuka rabu a goge a gabansa. Ku kuma faɗi wanda zai biya idan ta ɓata ta hanyar sakaci. Na'urar ba ta da Hausa, da Turanci take magana, don haka a sa wa wurare gajerun sunaye ko lambobi da kowa zai gane, a kuma kwafe su a littafi.

Kada kuma ta sa yaran su yi ƙarfin halin da ba su yi a da. Ba ta kiran kowa idan an shiga hatsari, ba ta ganin kututture ko tudun yashi, kuma hanyar da ta zana a watan Satumba lokacin cikar ruwa ta yiwu ta toshe kafin Janairu. Jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, inda aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗalibai, ba ɓatan hanya ya yi ba, lodi ne ya yi masa yawa. Idan kwale-kwalenka ba su da rigunan ruwa, su za ka fara saya kafin GPS.

Da rani kuma ba sai ta kwanta a akwati ba. Jerin eTrex 22x da 32x suna auna faɗin fili, mutum ya zaga gona da ita a hannu ta ba shi adadin hekta. Manoman shinkafa na wajen Auyo da Hadejia suna buƙatar wannan wajen lissafin taki da iri da kuɗin haya, kuma yaron da ya iya zai samu na cefane, kai ma ka samu kason na'ura. Ka dai gaya musu a fili cewa awon lissafin noma ne, bai zama hujjar iyaka a gaban alƙali ba, kuma a ƙaramin fili kuskuren mita uku yana da yawa, sai a zaga sau biyu a kwatanta.