Filin Tambaya da Amsa: Ina Salla, Amma Zuciyata a Bushe Take

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Salla ba ta wuce ni, amma da an sallame ba na iya tuna surar da liman ya karanta. Mahaifina Batijjane ne, yana so in karɓi wuridi. Abokaina 'yan Izala ne, su ma suna ja na. Ga kuma waɗanda nake gani a waya suna cewa addini daban, raya ruhi daban, kowa ya bi zuciyarsa. Mene ne bambancin? Kuma ina da ikon zaɓar wa kaina hanya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bambanci akwai shi, amma irin na rumbu da hatsi ne. Addini a zahirinsa shi ne dokokin da ake gani: alwala, raka'o'i, azumi, zakka, halal da haram. Abin da ake kira raya ruhi kuwa halin da zuciya take ciki ne yayin da gaɓoɓi ke waɗannan ayyuka. Rumbu ba hatsi ba ya ciyar da gida, hatsin da aka bari a fili kuma ka san abin da ruwa da gara suke yi masa. Maganar da kake gani a waya ta taso ne daga Turai da Amurka, inda mutane da yawa suka bar coci amma suka ci gaba da neman natsuwa. Mu a nan tun asali ba a raba su ba. A hadisin Mala'ika Jibrilu an jero Musulunci, Imani, sannan Ihsani, wato ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, in ba ka ganin Sa to Shi yana ganin ka. Wannan na ukun shi kake nema. Sufaye suna ce masa tasawwufi, wasu su ce tazkiyya ko tsarkake zuciya.

Kafin batun ƙungiya, fara duba sallar kanta, domin sau da yawa bushewar daga gaggawa take. Natsuwa a ruku'u da sujada farilla ce. Wanda ya yi salla yana sassarfa a gaban Annabi (SAW), ce masa aka yi ya koma ya sake, bai yi salla ba. To ka gwada wannan na kwana arba'in: ka isa masallaci kafin iƙama, ka tsaya a kowane ruku'u da sujada har gaɓoɓinka su lafa, ka je wurin malamin zaure ya fassara maka Fatiha da gajerun surori goma kalma-kalma. Mutum ba ya halarto da zuciya a kan maganar da bai san ma'anarta ba. Bayan sallama kada ka zabura neman takalmi. Zauna ka yi tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 33, ka cike ɗari da hailala. Bai kai minti biyar ba.

Sai batun wuridi. Kada ka karɓa don kunyar Baba, domin alkawari ne mai sharuɗɗa, kuma gara ka san su tun kafin ka miƙa hannu. A Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani (ya rasu a Fas a 1815) ya kafa, lazimi safe da yamma ne: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ga wazifa kullum, wadda ka saba gani bayan magariba an yi da'ira an shimfiɗa farin ƙyalle: istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Ga zikirin Juma'a bayan la'asar. Muƙaddami ne ke ba da izini, in lazimi ya kuɓuce maka sai ka rama, ba a haɗa shi da wuridin wata ɗariƙa, kuma ana karɓa ne da niyyar riƙewa har mutuwa. Yanzu ka auna wannan da watan Yuli, ranar da ka wuni kana noman farko ka dawo ƙugu ya riƙe. In za ka iya a ranar, za ka iya kullum. Ƙadiriyya, ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi, tana da nata wuridin da majalisun zikiri. Izala kuma, da aka kafa a Jos a 1978, ba ta ba da wuridi. Ta tsaya ne a kan zikirorin da suka zo a hadisi da halartar karatu, tana ganin ƙayyade wasu adadi ƙari ne a addini. Saɓanin tsoho ne, ba a wannan shafin za a raba gardamar ba.

Zaɓi naka ne, babu tilas a addini. Amma abin da za ka zaɓa a zahiri malami ne, don haka shi za ka sa wa ido. Zauna a karatunsa wata uku kafin ka ɗaura aure da tafiyarsa. Yana salla cikin jama'a? In an tambaye shi abin da bai sani ba yana cewa "Allahu a'alamu"? Rabin karatunsa zagin wani malami ne? Almajiransa da suka daɗe, yaya mu'amalarsu take a kasuwa? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran faɗin gaskiya.

Da ita kuma za ka auna kanka. Hawaye a wurin wa'azi abu ne mai sauƙi. Abin dubawa shi ne ko ka daina turo kunya cikin iyakar gonar maƙwabci, ko mudunka na sayarwa ɗaya ne da na saye, ko ka fitar da zakkar hatsi in ya kai nisabi: dami ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a na rani da aka shayar da inji.

Kuskuren da ya fi yawa ga matasa shi ne ɗibar zikiri dubbai daga waya ba tare da malami ba, a hana ido barci, a bar gona, ana jiran mafarki ko wani haske. Kaɗan mai ɗorewa shi Allah Ya fi so. Wanda kuma ya kwana biyu ba ya barci har ya fara jin muryoyi, a kai shi asibiti, akwai na ƙwaƙwalwa a Kazaure da Dawanau. Kada a ce "buɗi" ne ya zo.

Game da Baba, in ka yanke ba za ka karɓa ba, kada ka faɗa masa a gaban abokan wazifarsa. Same shi shi kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Baba, ina so in ƙara karatu tukuna, a sa mini albarka." Ka ci gaba da bin sa salla da kai masa ruwan alwala.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce daga wajen Ɗambatta. Wani malami ya ce zuciyata ba za ta samu natsuwa ba sai na kawo baƙin rago da kuɗin turare, kuma kada maigidana ya sani. Wannan yana cikin tsarkake zuciya?

AMSA: Baiwar Allah, ba ya ciki. Wannan tsibbu ne. Babu wata ɗariƙa ko makarantar sunna da ta sa launin dabba sharaɗin kusantar Allah, kuma duk wanda ya ce ki ɓoye wa mijinki ya riga ya nuna miki abin da yake nufi. Kada ki koma, kada ki aika kuɗi, ki gaya wa maigida ko wata babba da kika amince da ita yau ɗin nan. In damuwar tana hana ki ci da barci, ki je asibitin da ya fi kusa ki yi wa ma'aikaciyar lafiya bayani. In kuma karatu kike so, nemi Islamiyyar matan aure ta garinku, inda ake zama da rana, ƙofa a buɗe, tare da sauran mata.