Keken tsere: wace lamba ce daidai da jikina, kuma yaya zan saita hannunsa?

Tambaya: Tsawona santimita 176. Na ga kekunan tsere biyu na gwanjo, ɗaya lamba 54, ɗaya 56. Mai shagon ya ce in ɗauki 56 don ya fi cika ido. Wanne ya dace? (Mai karatu daga Kano)

Malam, mai shago kayansa yake son sayarwa, kai kuwa bayanka ne zai sha wahala. Fara da awon ƙafa. Cire takalmi, jingina da bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka, ka tura shi sama da ƙarfi kamar sirdi ne ya tokare ka. Wani ya yi alama a bango daidai saman littafin, a auna zuwa ƙasa. A ce ka samu santimita 82. Ninka da 0.67, ka sami kusan 55, lambar firam kenan, wato gangar jikin keken. Ninka da 0.883, ka sami 72.4, wato tsayin sirdi daga tsakiyar gindin feda zuwa saman sirdin. Wannan lissafi ya yi suna ne ta hannun Greg LeMond, ɗan Amurkan da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990.

Sai dai lissafin na zamanin da sandar saman firam take a miƙe ne. Yanzu yawancin kekuna sandarsu a gangare take, kuma 54 na wannan kamfani yana iya zama 56 na wancan. Shi ya sa masu harkar suka koma duba lambobi biyu da kamfanoni ke rubutawa a jadawalinsu da sunan stack da reach. Na farko shi ne tashin gaban keke, daga tsakiyar gindin feda zuwa saman bututun gaba, a tsaye. Na biyu shi ne nisan da ke tsakanin wuraren nan biyu, a kwance. Keken gwanjo ba ya zuwa da takarda, amma tef ɗin tela ya isa. Jingina tayar baya da bango, ka auna daga bango zuwa gindin feda, ka sake aunawa daga bango zuwa tsakiyar saman bututun gaba, ka debe na farko daga na biyu. Ka maimaita haka daga ƙasa don samun tashin. Tsakanin 54 da 56 na kamfani ɗaya, nisan yakan bambanta da milimita 5 zuwa 10 kawai, tashin kuwa da kusan 20.

Da mu ne, 54 za mu ɗauka. Ƙaramin firam ana ƙara masa tsawo da wuyan hannu, wato ƙarfen da ke haɗa hannun keke da gabansa, mai milimita 110 ko 120, keken kuma ya tafi sumul. Babba kuwa sai an sa masa guntun wuya na 70 ko ƙasa da haka, sai gaban ya riƙa rawa da zarar ka motsa hannu. Wuri ɗaya ne 56 zai fi: idan bayanka ba ya lanƙwasuwa sosai, domin gabansa ya fi tashi.

Kafin ka biya, tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, a sami tazarar aƙalla santimita 2 tsakaninka da sandar sama. Sannan ka zaro sandar sirdi ka nemi layin iyaka da aka zana a jikinta. Idan sai ka wuce layin kafin ka kai 72.4, firam ɗin ya yi maka ƙanƙanta. Dubi bakin bututun da sandar sirdin take shiga ma da kyau, nan ne yake tsagewa idan mai keken na farko ya yi wannan gangancin.

Tambaya: In na yi tafiyar kilomita ashirin sai yatsuna su mutu, wuyana ya sage. Kekena 56 ne, wuyan hannunsa 120. In sayar? (Mai karatu daga Zariya)

Kada ka yi gaggawar sayarwa. Fara daga sirdi, ko da yake a hannu kake jin ciwon. Sirdin da hancinsa ya sunkuya yana zamar da mutum gaba, tafin hannu ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Ɗora katako a kansa ka tabbatar a kwance yake. Kada kuma ka tura sirdi gaba don ka kusanci birki. Mutane da yawa suna yin haka, sai nauyin ya ƙara komawa hannu, gwiwa ma ta shiga sahun masu ciwo.

Daga nan ka duba wuyan hannu. Yawancinsu suna da karkata ta digiri 6, kuma ana iya kifa su. In naka yana kallon ƙasa, juya shi ya kalli sama, hannun zai tashi da kusan santimita 2 ba ka kashe ko sisi ba. In bai wadatar ba, sauka zuwa 110, sannan 100, kana ba kowane canji tafiya uku ko huɗu. Alamar an dace ita ce, in ka riƙe kan birki, gwiwar hannunka a ɗan lanƙwashe take, kafaɗa kuma ba ta haura wajen kunne ba. Tsofaffin hannuwa ma suna da nisa zuwa gaba da zurfi zuwa ƙasa, wasu zurfinsu ya kai milimita 140 zuwa 150. Na zamani masu gajeren lanƙwasa nisansu 70 zuwa 80 ne, zurfi kuma wajen 125.

Wurin ɗaurewa ake yawan kuskure. A bar kusoshin gefen wuya a sake, a fara ɗaure murfin sama har sai ka kama birkin gaba ka girgiza keken ba ka ji ƙwas-ƙwas ba, amma kan keken yana juyawa ba tauri. Sai a daidaita wuyan da tayar gaba, a ɗaure kusoshin gefe. Ƙarfin ɗaurin yana rubuce a jikin wuyan, yawanci 5 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗaure kusoshi. Kusoshi huɗun gaba masu riƙe hannun kuma a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, tazarar murfinsu ta zo daidai da yadda kamfanin ya nuna. In mutuwar yatsun ta zarce bayan ka sauka, ka ga likita.

Tambaya: Ina son kekena ya yi kama da na 'yan gasa: hannu a ƙasa can, siriri, babu zobba a ƙarƙashin wuya. In yanke bututun fok ɗin? (Mai karatu daga Kaduna)

Gaskiya yana da kyau a ido, ba mu musa ba. Amma waɗancan mutane kan keke suke wuni, jikinsu ya saba, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. Fok shi ne ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, a kan bututunsa ake ɗaure wuya, zobban kuma su ke ɗaga wuyan sama. Cire zobe ɗaya na milimita 5 daga ƙarƙashin wuya ka mayar da shi sama, ka hau mako biyu. In babu ciwon baya, kuma kana iya riƙe ƙasan hannu na minti goma ba ka ƙosa ba, ƙara wani. Inda jiki ya ƙi, nan ne iyakarka. Sai ka yi wata guda a haka kafin a kawo zarto. Idan bututun na kabon ne, wato zaren nan mara nauyi da ake yin kekunan gasa da shi, a bar zoben milimita 5 a saman wuya, kuma kada a buga masa ƙusar nan mai haƙora irin ta bututun ƙarfe, toshe mai buɗewa ake sa masa. Yankan ya rage ma kuɗin keken ranar sayarwa, don mai saye ba shi da damar ɗaga hannun.

Batun faɗi, auna tsakanin ƙasusuwan nan biyu masu tsini a saman kafaɗunka. Ana sayar da hannuwa a santimita 38, 40, 42 da 44, kuma kekuna da yawa suna zuwa da wanda ya fi mai su faɗi, don haka sauka da lamba ɗaya ba laifi ba ne. Sauka da biyu yana rage maka iko da keken a hanya mai ramuka. Karkatar da birki ciki da ake yayi kuwa, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, da kanta ta taƙaita shi zuwa digiri 10 a gasa tun 2024.

Kafin ka sayi sabon hannu, auna kaurin tsakiyarsa. Na yanzu milimita 31.8 ne, tsofaffin kekunan gwanjo kuma 26.0 ko 25.4. In bai yi daidai da wuyan ba, kada ka yarda a cusa yankin gwangwani a cike gurbin, ranar da ka kama birki da ƙarfi hannun zai juye da kai.

Abin da ke sa keke ya yi kyau sau da yawa bai kai yanka ba. A sa saman hannu da kan birki su zama layi ɗaya a kwance, a ɗora sanda a kan birkunan biyu a ga tsayinsu ɗaya, a rage wayoyin da suka yi baka a gaba. Tef ɗin hannu a fara naɗe shi daga ƙarshen ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi. Fari ya fi kyau a hoto, amma da ƙurar hunturu da gumin hannu, mako guda ya ishe shi komawa ruwan ƙasa. Sayi baƙi.